Sandar sunuka: abin da uwa za ta duba kafin ta saya wa yaro

Idan yaro ya kamu da son wasan sunuka, ba a jimawa zai fara roƙon a saya masa sandarsa ta kansa. Iyaye mata da yawa sun fi so ya buga a gida ko a wurin da suka sani, don nesanta shi da rumfunan da ake haɗa wasan da caca. Sai dai a kasuwa sandunan kamar duk ɗaya suke, alhali farashinsu ya yi nisa da juna. Bambancin yana rabin gaba, wato siririn ɓangaren da ke zamewa a kan yatsu.

Iri uku ne suka fi yawa. Akwai ta katako, galibi daga itacen mapul na Arewacin Amurka, ko itacen ash da 'yan wasan Ingila suka fi so. Tana da santsi a hannu da sauƙin kuɗi, amma danshin damina da bushewar hunturu kan lanƙwasa ta. Akwai mai rufin faiba, wadda ke jure wulaƙancin yara, sai dai takan manne wa hannu idan an yi gumi. Sannan akwai baƙar nan ta kabon, wadda ta yi tashe tun da kamfanin Predator ya fitar da samfurin Revo a 2016. Ba ta lanƙwasa, kuma tana rage kaucewar farar ƙwallo idan an buge ta a gefe, amma kuɗinta ya ninka na katako sau da yawa.

Uwargida, kada tsada ta ruɗe ki. Ɗan koyo tsakiyar ƙwallo yake koyon bugawa, don haka amfanin ta kabon bai kai gare shi ba tukuna. Ta katako miƙaƙƙiya ta wadatar.

Ki fi mayar da hankali ga tsawo. Ta manya inci 57 zuwa 58 ce, yara kuwa akwai tasu mai inci 42, 48 ko 52. Doguwar sanda a hannun ƙaramin yaro kan ɓata masa tsayuwa, kuma icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Ki duba girman ƙwallayen teburin: manya na son kan sanda mai faɗin milimita 12 zuwa 13, ƙanana kuwa 8 zuwa 10.

Kafin ki biya, ki gangara sandar a kan tebur mai lebur. In bakinta na tashi yana sauka, ta lanƙwashe. Ki tabbata fatar kanta ta manne sosai, ki haɗa masa da allin gogawa. A gida kuma a riƙa ajiye ta cikin jakarta, ba a jingine da bango ba, ba kuma a cikin mota a rana ba.