Wasan Karta na Love Letter da Hanyoyin Gano Abin da Aka Ɓoye

Da zarar an ambaci karta a ƙasar Hausa, abin da yake fara zuwa zuciyar mai sauraro shi ne caca, kuma wannan ne ya sa manazarta wasanni ba su cika waiwayar ta ba. Amma akwai wani jinsi na wasannin kati wanda ba a zuba kuɗi a cikinsa, abin da ake gwadawa kawai shi ne kaifin hankali wajen gano abin da abokin wasa ya ɓoye. Wannan maƙala za ta dubi ɗaya daga cikinsu, wato Love Letter, ma'ana wasiƙar soyayya, domin a ga yadda ake gina hujja daga 'yan alamu kaɗan.

Wani mutumin Japan mai suna Seiji Kanai ne ya ƙago wasan, ya fitar da shi a 2012. A wannan shekarar kuma kamfanin Alderac na Amurka ya buga shi da Ingilishi, aka riƙa sayar da shi a kan kimanin dala 10. Kati 16 ne kacal a bugun farko, mutum 2 zuwa 4 ke yin sa, kuma akan kammala cikin kamar minti 20. A 2019 kamfanin Z-Man ya fitar da sabon bugu mai kati 21 wanda ke ɗaukar mutum 6, amma bayanin da zai biyo baya ya dogara ne a kan tsohon bugun.

Labarin da aka lulluɓe wasan da shi gajere ne. Kowane ɗan wasa mai neman auren Gimbiya ne, yana so wasiƙarsa ta isa gare ta ta hannun mutanen fada, kuma kowane kati yana wakiltar ɗaya daga cikinsu. Sunayensu na sarautun Turai ne, don haka fassarar da aka yi a nan kusantawa ce kawai. Akwai Dogari guda 5 masu daraja 1. Limami, Hakimi, Kuyanga da Yarima kowanne guda 2 ne, darajarsu 2, 3, 4 da 5 bi da bi. Sarki, Magajiya da Gimbiya kuwa ɗai-ɗai ne, masu daraja 6, 7 da 8.

Bayan an cakuɗa katunan sai a ware ɗaya a kife shi gefe ba tare da kowa ya gani ba, sannan a ba kowa ɗaya. Wanda aka zo kansa sai ya ɗauki ɗaya daga tulin, ya zaɓi wanda zai yar a fili cikin biyun da ke hannunsa, ya aiwatar da aikin da aka rubuta a jikinsa. Mai yar da Dogari yakan nuna wani ya ambaci katin da yake zaton yana riƙe da shi, in ya dace an fitar da wancan, sai dai ba a yarda ya ce Dogari ba. Limami yana ba da damar leƙa hannun wani. Hakimi yana haɗa mutum biyu su gwada katunansu a asirce, mai ƙaramar daraja ya fita. Kuyanga kariya ce har zagayowa ta gaba, Yarima yana tilasta wa wani ya yar da katinsa ya ɗauki sabo, Sarki kuma musanya hannu yake yi. Wanda ya rage shi kaɗai, ko wanda ke riƙe da kati mafi daraja lokacin da tuli ya ƙare, shi ne ya ci zagayen.

A nan ne lissafi yake shigowa. Idan mutum 4 ne, kati 11 ne ke saura a tuli bayan rabo, ke nan ba kowa ne zai yi wasa sau 3 ba kafin zagaye ya ƙare. Alal misali, a ce mai farawa ya tashi da Dogari da Limami. Katunan da bai gani ba 14 ne, kuma mafi kyawun abin da zai ambata shi ne Hakimi ko Kuyanga ko Yarima, tun da kowanne biyu ne. Damar dacewarsa 1 ce cikin 7, wato kusan shaci-faɗi. To amma duk katin da aka yar yana nan a fili kowa yana gani, saboda haka kowace zagayowa tana rage yawan abin da zai yiwu.

Wasu alamun sun fi ƙidaya ƙarfi. Idan aka yi gwaji da Hakimi, wanda ya faɗi dole ya bayyana katinsa. In Sarki ne ya bayyana, kowa ya san wanda ya yi nasara yana riƙe da Magajiya ko Gimbiya. In kuwa Magajiya ce ta faɗi, ba sauran shakka, Gimbiya ce a hannunsa, kuma duk mai Dogari ko Yarima zai iya fitar da shi nan take, domin dokar wasan ta ce wanda ya yar da Gimbiya ta kowace hanya ya fita. Ke nan katin da ya fi kowanne daraja shi ne mafi haɗarin riƙewa, kuma cin gwajin na iya zama sanadin tonuwar asirin mai shi.

Magajiya ta fi sauran ban sha'awa ga mai nazarin ma'ana. Ba ta da wani aiki in an yar da ita, sai dai doka ta wajabta a yar da ita idan ta haɗu da Sarki ko Yarima a hannu ɗaya. Saboda haka faɗuwarta a fili tamkar furuci ne cewa mai ita yana da ɗaya daga cikin biyun nan. Amma wanda ya haɗa ta da Gimbiya ma ita zai yar, wani kuma yana iya yar da ita da gangan alhali ƙaramin kati yake riƙe da shi, don ya sa abokan wasa su ɓarnatar da Dogarawansu. Bai faɗi ƙarya da bakinsa ba, su ne suka ɗora ma'ana a kan abin da ya aikata. Wannan ya yi daidai da abin da masanin falsafa Paul Grice ya bayyana a maƙalarsa ta 1975 game da ma'anar da mai sauraro ke ciro wa daga abin da ba a furta ba, bisa zaton cewa mai magana yana bin ƙa'ida.

Za a iya kwatanta wannan da kacici-kacici, inda nan ma ake ba da alama a nemi amsa, amma akwai bambanci babba. Amsar kacici-kacici tsayayya ce, wanda ya taɓa jin ta ya san ta har abada, shi ya sa yara kan ci ta da hadda. A Love Letter amsar tana sauyawa da kowane rabo, kuma katin nan da aka kife tun farko yana hana ƙidaya ta kai ga yaƙini a mafi yawan lokuta. Mutum zai iya ƙirga duk abin da aka yar, ya ga saura kati biyu ne bai gani ba, ɗaya a hannun abokinsa ɗaya a kife, amma ya kasa tantance wanne ne a ina. A irin wannan hali sai ya koma ga tuna yadda abokin ya yi wasa a baya: ko ya daɗe yana yar da duk abin da ya ɗauko daga tuli, wanda hakan alama ce ta mai riƙe da babban kati, ko kuwa ya yi saurin fakewa da Kuyanga a lokacin da ba wanda ya neme shi.