Ciwon Wuyan Hannu da Damuwar Rai

Mai buga kwamfuta ko tela da ke maimaita motsi ɗaya wuni guda yakan wayi gari wuyan hannu na zugi, ko kofin shayi ya gagara ɗauka. A shekarun 1980 wannan ciwo ya addabi ma'aikatan ofis a Ostireliya, aka yi ta muhawara: na jiki ne ko na tunani? Duka biyun ne. Damuwa tana ɗaure tsoka, ta hana barci, jijiyoyi su ƙara kaifin jin zafi, har zugin ya zarce bayan raunin ya warke. Tsoron motsa hannun ma yana ƙara sandarar da shi.

Don Allah kada a ce wa mai wannan ciwo raki yake yi. A bar shi ya huta, ya ga likita, ya faɗa masa har abin da ke cin ransa.