Dazuzzukan Nairobi: Yadda Sawun Jama'a Ya Zama Garkuwar Itatuwa

Nairobi na cikin manyan biranen Afirka ƙalilan da har yanzu daji ke maƙale da su. A arewacin birnin akwai dajin Karura mai faɗin hekta dubu da 'yan kai, a yamma akwai dajin da ke kan hanyar Ngong, a kudu kuma ga gandun namun daji na ƙasa mai murabba'in kilomita 117, wanda aka keɓe tun 1946. Da can mazauna birnin gudun waɗannan wurare suke yi, musamman Karura. Yanzu kuwa, duk ƙarshen mako ƙofofinsu cike suke da masu tattaki da masu sassarfa da mahaya keke da iyaye riƙe da hannun yara. Ya kamata a duba abin da ya kawo wannan sauyi, da wanda ya amfana, da wanda aka bari a baya.

Abin da ya jawo sauyin

Dalili na farko shi ne dajin ya tsira daga hannun masu wawure filaye. Gwamnatin mulkin mallaka ce ta ayyana Karura a matsayin keɓaɓɓen daji a 1932, amma a shekarun 1990, zamanin Shugaba Daniel arap Moi, sai aka riƙa yanka shi a ɓoye ana rabawa kamfanoni domin gina gidajen alfarma. Farfesa Wangari Maathai, wadda ta kafa ƙungiyar dashen itatuwa ta Green Belt Movement a 1977, ita ta ja daga. A watan Janairun 1999 wasu 'yan daba da aka girke a wurin suka far mata ita da mutanenta yayin da suka je dasa itatuwa, har suka fasa mata kai. Ɗaliban jami'a suka fantsama kan tituna, duniya ta yi caa, aka jingine ginin. Maathai ta samu lambar yabo ta Nobel ta zaman lafiya a 2004.

Sai dai hana gini bai mayar da dajin wurin shaƙatawa ba. Shekara goma bayan rikicin, Karura na nan a matsayin mafakar 'yan fashi, wurin da ake tsintar gawarwaki. Dalili na biyu shi ne ya warware wannan. Dokar gandun daji ta 2005 ta ba al'ummomin da ke maƙwabtaka da daji damar kafa ƙungiya su yi haɗin gwiwa da hukuma wajen kula da shi. A kan wannan doka aka kafa ƙungiyar Friends of Karura Forest a 2009. Ita da Hukumar Gandun Daji ta Kenya suka zagaye dajin da shingen lantarki mai tsawon kimanin kilomita 15, suka ɗauki masu gadi, suka share turbobi fiye da kilomita 50, suka kafa alamomi a mararraba domin kada baƙo ya ɓata. Da tsoro ya kau, sai mutane suka soma shigowa.

Dalili na uku yana kan titunan birnin ne. Ƙidayar 2019 ta nuna mutanen Nairobi sun kai miliyan 4.4, kuma an tsara yawancin hanyoyinta ne don mota. Mai son motsa jiki a bakin titi sai ya yi ta kauce wa motocin haya na matatu da 'yan acaɓa, ga hayaƙi, ga ramukan kwata a buɗe. Ma'aikatan ofis da likita ya gargaɗa kan hawan jini ko ciwon sukari sun samu a daji abin da unguwa ta kasa ba su. Annobar korona ta 2020 ta ƙara ingiza lamarin, domin lokacin da aka rufe wuraren motsa jiki da na taruwa, sarari mai iska ne kaɗai ya rage.

Ribar da aka samu

Babbar ribar ba ta lafiyar jiki ba ce kawai. Dajin da ba mai shigarsa, ana iya yanke masa gefe a takarda ba wanda ya sani, sai an wayi gari an ga katanga. Wanda dubban mutane ke takawa kowane mako kuwa, ko itace ɗaya aka sare sai hotonsa ya karaɗe kafafen sada zumunta kafin yamma. Cikin masu tattakin akwai lauyoyi da 'yan jarida da jami'an diflomasiyya, kasancewar hedikwatar hukumar kula da muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya tana unguwar Gigiri, dab da dajin. Turbobin sun samar wa Karura masu kishinsa, kuma wannan ya fi shingen lantarki tsoratar da mai kwaɗayin fili.

Kuɗin shiga ma ya yi aiki. Da shi aka riƙa biyan masu gadi da masu rainon dashe, waɗanda da yawansu daga unguwar talakawa ta Huruma da ke gefen dajin aka ɗauko su. Da shi kuma aka riƙa cire itacen turare da sauran itatuwan waje da aka dasa a baya don katako, ana maye gurbinsu da na asalin yankin. Daga 2014 aka soma dawo da birai masu launin baƙi da fari da ake kira kolobas, waɗanda suka daɗe da ɓacewa daga wurin. Akwai gada da beguwa da tsuntsaye kusan iri 200. 'Yan makaranta na zuwa ganin magangarar ruwa da kogwannin da ake cewa mayaƙan Mau Mau sun ɓuya a ciki lokacin gwagwarmayar neman 'yanci.

Inda gizo ke saƙa

Shingen da ya kori ɓarawo ya taƙaita wa matalauci hanya. Matan da a da ke shiga neman itacen girki yadda suka ga dama, yanzu sai da izini da ƙa'ida. Kuɗin shigar da ake karɓa daga babba ɗan ƙasa ba wani abu ba ne ga mazaunin unguwannin masu hali irin su Muthaiga ko Runda, amma ga lebura mai iyali, idan aka haɗa da kuɗin mota, ya isa ya hana shi zuwa. Ga kuma nisa: dazuzzukan suna arewa da yamma ne, ɓangaren da Turawa suka zaɓa wa kansu tun zamanin mulkin mallaka, yayin da unguwannin gabas masu cunkoso irin su Dandora da Kayole ba su da kwatankwacinsu.

Akwai abin da ya fi wannan ciwo. Kaso mai yawa na zirga-zirgar yau da kullum a Nairobi da ƙafa ake yin ta, ba don nishaɗi ba sai don babu kuɗin mota. Kowace asuba jerin gwanon ma'aikata na fitowa daga unguwar talakawa ta Kibera zuwa yankin masana'antu, kuma masu tafiya a ƙasa ne kan gaba cikin waɗanda mota ke kashewa a birnin. Gwamnatin Nairobi ta amince da wata manufa a 2015 da ta yi alkawarin ware kashi 20 cikin ɗari na kuɗin hanyoyi ga masu ƙafa da keke. An gyara wasu tituna a tsakiyar gari, amma aikin da ya fi cin kuɗi shi ne babbar hanyar mota mai kilomita 27 da aka buɗe a 2022, wadda masu mota ke biya su hau. Don haka mai keke a Nairobi yakan ɗora kekensa a bayan mota zuwa daji, ya yi zagaye, ya sake ɗora shi ya koma gida.

Gandun namun daji na kudu kuma ya nuna iyakar abin da shinge zai iya. An bar kudancinsa a buɗe domin dabbobi su riƙa fita kiwo zuwa filayen Kitengela, amma gidaje da katangu sun cinye wannan burtali, ƙaurar dabbobin ta ragu ƙwarai. Layin dogon da aka buɗe a 2019 zuwa Naivasha ya ratsa ta cikin gandun a kan doguwar gadar sama, duk da ƙarar da masu kare muhalli suka kai kotu.

Abin lura

Misalin Karura ya tabbatar da cewa daji a bakin birni ya fi samun kariya idan jama'a na shigarsa kuma suna da ta cewa a kan kuɗinsa. Rauninsa shi ne ya tsaya a bakin ƙofa. Matakin da ya rage shi ne a haɗa dazuzzukan da unguwanni ta hanyoyin ƙafa da keke masu aminci, musamman a gaɓar kogunan Nairobi da Mathare da Ngong waɗanda suka ratsa unguwannin talakawa, a kuma sauƙaƙa wa maƙwabta marasa hali shiga. Muddin ba a yi haka ba, masu kare dazuzzukan za su ci gaba da zama tsiraru masu hali, alhali matsin neman fili daga birni mai ƙaruwa kullum ƙara tsananta yake yi.