Dalilin Da Ya Sa Lokacin Tafiya Ke Bambanta Tsakanin Kamfanonin Jiragen Sama

Duk ɗan kasuwar da ke yawan zirga-zirga tsakanin Legas da Abuja ya san cewa kamfanonin jiragen sama ba su cika rubuta lokaci iri ɗaya a tikiti ba, alhali kuwa hanyar ɗaya ce, nisanta kuma kilomita 500 ne da 'yan kai. Wannan kamfani ya ce awa ɗaya da 'yan mintoci, wancan ya ƙara kwata ko fiye. Da yawa kan ɗauka cewa mai gajeren lokaci shi ne mai saurin jirgi. Wani lokaci haka ne, amma galibi maganar ta lissafin kasuwanci ce.

Lokacin da ake bugawa a jadawali yakan fara ne daga sa'ad da jirgi ya motsa daga inda fasinjoji suka hau, zuwa sa'ad da ya tsaya a inda za su sauka. Ke nan ya haɗa da tafiyar jirgi a ƙasa, da jiran layi a bakin titin tashi, da kewayen da yakan yi a sama kafin a ba shi izinin sauka. Jirgin da ke tashi da sassafe daga Legas, lokacin da kowa ke neman tashi, dole a ware masa mintocin jira fiye da na tsakar rana.

Irin jirgin ma yana da nasa tasiri. Kamfanin Green Africa ya fara aiki a 2021 da jirage masu farfela samfurin ATR 72, waɗanda gudunsu kimanin kilomita 500 ne a awa, yayin da Boeing 737 kan haura kilomita 800. Bugu da ƙari, kamfani kan umurci matuƙansa su ɗan rage gudu domin tsimin mai, musamman idan man jirgi ya yi tsada, kamar yadda aka gani a Nijeriya a 2022.

To sai dai babban abin da ke kawo bambancin shi ne mintocin da kamfani ke ƙarawa da gangan. Tun 1987 hukumomin sufuri na Amurka suka wajabta wa manyan kamfanoni bayyana yadda suke cika lokaci, kuma ma'aunin da ya zama ruwan dare shi ne, jirgin da ya iso ƙasa da minti 15 bayan lokacin jadawali bai makara ba. Daga nan ne dabarar ta yaɗu: a tsawaita lokacin a takarda, ko an tashi a makare a iso "kan lokaci". Fasinja ya ji matuƙi na shelar an iso da wuri, ya yi murna, alhali jirgin bai ƙara gudu ko kaɗan ba.

Dabarar ba kyauta take zuwa ba. Jirgin da ke yin sawu 6 a rana, idan aka ƙara wa kowane sawu minti 15, ya yi asarar awa ɗaya da rabi, wato lokacin da ya isa a yi wani sawun Legas zuwa Abuja cike da fasinjoji. Shi ya sa kamfanin da jiragensa kaɗan ne yakan matse jadawalinsa, ya buga gajeren lokaci. Illar hakan kuwa sananniya ce ga matafiya: idan sawun safe ya makara, makarar sai ta bi jirgin har dare, domin babu rarar da za ta shanye ta. Sau da yawa mai alƙawarin ganawa da ƙarfe 4 na yamma ya fi samun kwanciyar hankali da kamfanin da ya rubuta dogon lokaci.

A doguwar tafiya kuma siyasa kan shigo ciki. Bayan da Rasha ta rufe sararin samaniyarta ga jiragen Birtaniya da na Tarayyar Turai a watan Fabrairun 2022, sai ya zama tilas su yi zagaye kafin su isa Sin, yayin da kamfanonin Sin suka ci gaba da ratsa Rasha, suna rigan su isa da awoyi, da ƙarancin kuɗin mai. A watan Oktoban 2024 British Airways ya dakatar da zuwa Beijing, Virgin Atlantic kuma ya janye daga Shanghai.

Matafiyan Nijeriya ma sun ɗanɗana irin wannan a watan Agustan 2023, lokacin da sojojin da suka karɓi mulki a Nijar suka rufe sararin samaniyar ƙasar. Jiragen da ke tasowa daga Turai zuwa Legas da Abuja sun riƙa kewaye Nijar har kusan wata guda, kafin a sake buɗe hanyar a farkon watan Satumba.