Dodon da Aka Cire wa Tsoro: Me Ke Ɓata wa Masoya Rai a Sabbin Zubin Tsofaffin Finafinai?

A watan Mayun 1998 kamfanin TriStar na Amurka ya saki nasa Godzilla, wanda Roland Emmerich ya ba da umarni. Fim ɗin bai faɗi a kasuwa ba, domin ya tara kusan dala miliyan 380 a duniya. Amma masoyan dodon na asali, wanda kamfanin Toho na Japan ya fito da shi tun 1954, sun yi masa ca. Suka ce wannan ai suna kawai ya ara. Ƙaton ƙadangare ne mai gudun jiragen yaƙi, yana ɓuya tsakanin benayen New York, ana yaudararsa da tulin kifi, daga ƙarshe makamai masu linzami suka gama da shi a kan gadar Brooklyn. An so a yi kashi na biyu da na uku, ba a yi ko ɗaya ba. Toho kuwa ta bari sai 2004, ta sako wannan halitta a fim ɗinta Godzilla: Final Wars da sunan Zilla, ta sa Godzilla na ainihi ya murƙushe shi a birnin Sydney cikin 'yan daƙiƙu.

Bayan haka Hollywood ta ci gaba da sake tsofaffin finafinai. Planet of the Apes na 1968 an sake shi a 2001, The Day the Earth Stood Still na 1951 a 2008, The Wolf Man na 1941 a 2010, Total Recall na 1990 a 2012, RoboCop na 1987 a 2014, The Mummy kuma a 2017. Kowannensu ya sha suka daga mutanen da ake zaton su ne za su fara sayen tikiti. To me ke jawo haka?

Idan ka tambayi masoyan, amsar da ke bakinsu ita ce kwamfuta. Sukan ce dodon da aka ɗinka da roba, mutum ya shiga ciki, yana da nauyi da jiki, wanda aka zana a kwamfuta kuwa hoto ne kawai. Suna da hujja, kuma babbar hujjarsu ita ce The Thing na 2011. Kamfanin Amalgamated Dynamics ya ƙera halittun fim ɗin da hannu, aka ɗauke su da kyamara, sai daga baya aka lulluɓe yawancin aikin da zanen kwamfuta. Da hotunan aikin hannun suka fita a intanet, masoya suka fusata, don sun ga abin da aka hana su. Fim ɗin bai ma mayar da kuɗin da aka kashe masa a sinima ba.

Sai dai wannan amsa ba ta kai ƙarshen zance ba. Birran da ke cikin Planet of the Apes na Tim Burton duk kwalliyar hannu ce ta gwani Rick Baker, kowa ya yaba ta, amma fim ɗin ya tafi da kambun Razzie na sabon zubi mafi muni a shekarar. Shi dai Baker ɗin ya ci lambar Oscar ta kwalliya da The Wolfman na 2010, fim ɗin da aka kashe wa kusan dala miliyan 150 bai dawo da su ba. Kwalliya ba ta biya kuɗin sabulu ba, har shugaban Universal na lokacin, Ron Meyer, ya fito fili a 2011 ya sa shi cikin mafi munin finafinan da kamfanin ya taɓa yi. A ɗaya gefen kuma, Rise of the Planet of the Apes na 2011 birransa na kwamfuta ne, an ɗora su kan motsin jikin 'yan wasa irin su Andy Serkis, masoya suka karɓe shi hannu biyu. Godzilla Minus One na 2023 ma dodonsa zane ne daga kai har wutsiya, ga shi ya ci Oscar a fannin siddabarun hoto, da kuɗin da bai kai dala miliyan 15 ba. Kenan laifin ba na na'ura ba ne.

A ganina, abin da ake cirewa shi ne tsoron da ya haifi dodon tun farko. Godzilla na 1954 ba don nishaɗin yara aka yi shi ba. Shekara tara ke nan da jefa bam ɗin nukiliya a Hiroshima da Nagasaki. A ranar 1 ga Maris na 1954 Amurka ta gwada bam ɗin haidurojin a tsibiran Bikini, tokarsa ta zubo kan wani jirgin kamun kifi na Japan mai mutum 23, ɗaya daga cikinsu ya mutu bayan 'yan watanni, jama'a suka ji tsoron cin kifi. A watan Nuwamba darakta Ishiro Honda ya nuna musu fim da ya buɗe da jiragen ruwa suna halaka a teku, ga Tokyo tana ci da wuta, ga asibiti cike da yara ana auna jikinsu da na'urar gano tururin nukiliya. Masanin da ya ƙera makamin da ya kashe dodon ya zaɓi ya mutu tare da shi, don kada 'yan siyasa su sami sirrin. Mai kallo a Japan ya san sarai abin da yake gani. A zubin 1998 an ajiye batun nukiliyar, amma an ɗora gwajin a kan Faransa, sojojin Amurka kuma su ne suka ceci gari. Wanda ya yi wannan canji ya san me yake gudu.

Haka abin yake ga sauran. Ƙarshen Planet of the Apes na 1968, inda Charlton Heston ya tarar da gunkin 'yanci na New York binne a yashi, ya girgiza mutane ne saboda suna zaune cikin fargabar yaƙin cacar baka. Burton ya rufe nasa da biri zaune a kujerar gunkin Lincoln, 'yan kallo suka fito suna tambayar juna abin da ake nufi. RoboCop na Paul Verhoeven zambo ne ga manyan kamfanonin zamanin Reagan, waɗanda a fim ɗin suka saye har aikin 'yan sandan Detroit, kuma jinin da ke cikinsa wani ɓangare ne na zambon. Zubin José Padilha na 2014, a yi masa adalci, ya taɓo batun jirage marasa matuƙi da injinan kisa, sai dai ya taɓa ne ya janye hannu.

Me ya sa ake janye hannun? Kuɗi. RoboCop na farko dala miliyan 13 aka kashe masa, na 2014 ya kai aƙalla miliyan 100. Fim mai irin wannan tsada ba ya iya dogaro da manya kaɗai, dole a rage jini da zafin magana ya dace da 'yan shekara 13, kamar yadda aka yi wa RoboCop da Total Recall duka. Ba ya kuma iya dogaro da Amurka. Kasuwar faifan DVD, wadda a da take ceto fim ɗin da bai yi ciniki a sinima ba, ta fara durƙushewa a ƙarshen shekarun 2000, sai kamfanoni suka koma kallon ƙasashen waje, musamman Sin. RoboCop na 2014 ya tara kusan dala miliyan 240, kuma abin da ya samu a gida bai kai kashi ɗaya cikin huɗu ba. Zambon siyasar Amurka ba ya tsallaka teku da sauƙi, fashewar bam kuwa kowa na ganewa. Ga mai zuba jari, tsohon suna inshora ne: an riga an san shi, rabin talla ta yi kanta. Shi sunan yake saye, ruwansa da abin da sunan ke ɗauke da shi kaɗan ne.

The Mummy na 2017 ya nuna iyakar wannan tunani. Universal ta ga yadda Marvel ke saƙa finafinai cikin juna, ta yi niyyar haɗa tsofaffin dodanninta a duniya guda mai suna Dark Universe. Tun kafin fim na farko ya fita aka saki hoton Tom Cruise da Russell Crowe da Johnny Depp da Javier Bardem da Sofia Boutella. Fim ɗin sai ya shagala da share wa na gaba hanya, ya manta da ba da tsoro. Ya tara kusan dala miliyan 410, amma miliyan 80 kacal daga Amurka, shirin gaba ɗaya ya ruguje.

Su ma masoyan ba su kuɓuta ba. The Thing na John Carpenter, wanda yau suke karewa kamar gado, shi ma sabon zubi ne na fim ɗin 1951. Da ya fita a Yunin 1982, mako biyu bayan E.T., masu sharhi suka yi masa kaca-kaca, mutane suka ƙi zuwa, Christian Nyby da ya ba da umarnin na farko ya ce mai son ganin jini ya tafi mayanka. Sai da kaset ɗin bidiyo ya shiga gidaje darajarsa ta fito. The Fly na David Cronenberg a 1986 da Invasion of the Body Snatchers na 1978 duk sabbin zubi ne, kuma sun yi nisa da na asali ƙwarai. Ashe ba canji ne ke ɓata fim ba, duk da cewa masoya kan yi kukan an canza musu abu. Akwai kuma abin da ba sa son ji: da yawansu suna yara suka ga na farkon, kuma babu daraktan da zai mayar wa ɗan shekara 45 da zuciyar da ya kalli fim da ita yana ɗan 10. Ana tuna The Thing da The Fly, ana manta tarin shirmen da aka yi a zamaninsu.

Wani lokaci fushin kan wuce gona da iri. Ghostbusters na 2016, da aka ba mata huɗu jagoranci, an far masa tun kafin kowa ya gan shi, kuma zagin wariyar launin fata da aka yi wa ɗaya daga cikinsu, Leslie Jones, ya sa ta bar Twitter na ɗan lokaci. Wannan ba sharhin fim ba ne. Illarsa kuma ta shafi masu suka da gaskiya, don ya ba kamfanoni damar jefa duk mai ƙorafi a kwando ɗaya.

Kamfanonin sun ji kukan, amma darasin da suka ɗauka rabi ne. Suka rage cewa suna sake fim, suka koma ci gaban labari tare da dawo da tsofaffin 'yan wasa. Ghostbusters: Afterlife na 2021 ya tsallake na 2016 kamar ba a yi shi ba, ya dawo da Bill Murray da Dan Aykroyd da tsohuwar motar. Jurassic World Dominion na 2022 ya tattaro Sam Neill da Laura Dern da Jeff Goldblum. Masoyi na ganin fuskar da ya sani ya yi tafi. Ni dai ban ga wani bambanci ba, tsoron asara ne ya sake riga. A da ana goge abin da ya sa tsohon fim ya yi tasiri, yanzu ana jera kayansa a baje, kuma a duka biyun ba a tambayi abin da ke tsorata mutanen yau ba.

Inda aka yi wannan tambaya an ga amfani. Bayan rugujewar Dark Universe, Universal ta ba Leigh Whannell dala miliyan 7 ya sake The Invisible Man na 1933. Ya juya labarin ya koma kan macen da ta gudu daga mugun namiji mai azabtar da ita, yana bibiyarta ba a ganinsa, kowa na ɗaukarta mahaukaciya. A farkon 2020 fim ɗin ya tara sama da dala miliyan 140. Takashi Yamazaki ma, a Godzilla Minus One, ya mayar da Godzilla Japan ta bayan yaƙi, ya ɗora labarin kan matuƙin jirgin ƙunar baƙin wake da ya ƙi mutuwa yana fama da kunya, a ƙasar da gwamnatinta ta yi arha da rayukan mutanenta.

Ƙaramin kasafi na ba darakta sarari, amma ba laya ba ne. Whannell ya dawo a Janairun 2025 da Wolf Man, a kamfani guda da salo guda, ya mai da rikiɗar mutum zuwa kerkeci wata cuta da uba ke gada yana tsoron cutar da iyalinsa. Tunanin yana da ma'ana. Amma tun da aka fara nuna siffar dodon masoya suka ce bai yi kama da kerkeci ba, masu sharhi suka rabu biyu, kuma abin da ya tara a duniya bai kai dala miliyan 40 ba.