Gwiwa: Ƙaunar Jigawa na nan, amma an gaji da jiran canji

Tun daga ranar 27 ga watan Agustan 1991, lokacin da gwamnatin mulkin soja ta Janar Ibrahim Babangida ta cire Jihar Jigawa daga tsohuwar Jihar Kano, mutanen Gwiwa da maƙwabtansu na Roni da Kazaure da Babura sun ga zamanin gwamnonin farar hula biyar, a ƙarƙashin jam'iyyu huɗu.

Biyu daga cikin gwamnonin 'yan wannan shiyya ta arewa maso yammacin jihar ne: Ibrahim Saminu Turaki daga Kazaure, da Muhammad Badaru Abubakar daga Babura. Su biyun sun riƙe jihar tsawon shekara 16 daga cikin shekara 24 da ke tsakanin 1999 da 2023.

Duk da haka, a rahoton da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta fitar kan talauci na shekarar 2019, kimanin kashi 87 cikin ɗari na al'ummar Jigawa na rayuwa ne cikin talauci, alhali a ƙasar baki ɗaya adadin bai wuce kashi 40 da 'yan kai ba. Jihohin Sakkwato da Taraba ne kawai suka ɗara ta.

Wannan ne ya sa ake samun abubuwa biyu a bakin mutum ɗaya a yankin: alfahari da zama ɗan Jigawa, da kuma takaicin cewa sauyin shugabanni bai sauya rayuwa yadda aka yi tsammani ba.

Tushen alfaharin

Gwiwa na ɗaya daga cikin ƙananan hukumomi 27 na jihar, kuma ƙidayar jama'a ta 2006 ta nuna tana da mutum sama da dubu 120, a jihar da ke da mutum fiye da miliyan 4 da dubu 300 a lokacin. Tana iyaka da Jihar Katsina, kuma akasarin mutanenta manoma ne da makiyaya da 'yan kasuwa.

Ita da Kazaure da Roni da 'Yankwashi su ne suka haɗu suka zama masarautar Kazaure, yayin da Babura ke ƙarƙashin masarautar Ringim.

Tarihin masarautar ya girmi jihar nesa ba kusa ba. Ɗantunku, wani jagoran Fulani a zamanin jihadin Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, shi ne ya kafa ta a wajajen 1819. Ya shafe shekaru yana gwabzawa da Sarkin Kano Ibrahim Dabo, kafin Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya raba gardamar, ya tabbatar wa Kazaure 'yancin cin gashin kanta.

Don haka tunanin cewa yankin ba ɗan amshin shatan Kano ba ne ya daɗe a zukatan jama'a. Turawan mulkin mallaka sun sanya Kazaure da Haɗeja da Gumel cikin lardin Kano, kuma a nan suka ci gaba da zama bayan da Janar Yakubu Gowon ya ƙirƙiro Jihar Kano a 1967.

Babbar hujjar masu fafutukar neman sabuwar jiha ita ce birnin Kano ya lashe komai, daga ma'aikatu da asibitoci har zuwa manyan makarantu, an bar karkara da noma da ƙaura. Shi ya sa aka karɓi sabuwar jihar da murna, aka yi mata kirari da Tarin Allah, gwamnati kuma ta laƙaba mata suna Sabuwar Duniya.

Gida biyu

Sai dai raba jiha bai raba zumunci ba. Bayan 1991 an mayar da ma'aikatan gwamnati 'yan asalin Jigawa zuwa Dutse, garin da a lokacin ba shi da isassun gidaje da ofisoshi. Da yawa daga cikinsu sun bar iyalansu a Kano, suna zuwa aiki ranar Litinin, su koma a ƙarshen mako.

Ga mutumin Gwiwa lamarin ya fi haka sarƙaƙiya, domin mai zuwa Dutse daga can yakan bi ta Kano ne, kuma Daura ta fi masa kusa da babban birnin jiharsa. Auratayya da cinikayya da neman ilimin addini duk sun haɗa shi da Kano da Katsina, kamar yadda suka haɗa kakanninsa.

Amma doka ta ɗaure shi da garin iyayensa. Tsarin mulkin 1999 ya bayyana ɗan jiha da cewa shi ne wanda ɗaya daga cikin iyayensa ko kakanninsa ya fito daga wata al'umma ta asalin jihar. Haka kuma ya tanadi a riƙa raba muƙaman gwamnatin tarayya daidai wa daida tsakanin sassan ƙasa, kuma a naɗa aƙalla minista ɗaya daga kowace jiha.

Abin da hakan ke nufi shi ne, yaron da aka haifa a Kurna ko Fagge a Kano, wanda kakansa ya fito daga Gwiwa, a sakatariyar Gwiwa zai nemi takardar shaidar zama ɗan asalin ƙaramar hukuma idan zai shiga aikin soja ko na ɗan sanda, ko zai nemi gurbin karatu ko tallafin karatu na jiha.

Saboda haka asali a nan ba batun zuwa gida da Sallah ko halartar biki da ta'aziyya ba ne kawai. Batu ne na aikin yi da karatun 'ya'ya da gonar gado. Hausawa sun ce kowa ya bar gida, gida ya bar shi, kuma a Najeriya takardun hukuma sun ƙara wa maganar ƙarfi.

Kowane gwamna da irin alƙiblarsa

Gwamnan farar hula na farko, Ali Sa'ad Birnin Kudu na jam'iyyar SDP, bai cika shekara biyu ba, domin ya hau a watan Janairun 1992, Janar Sani Abacha kuma ya rushe gwamnatocin farar hula a watan Nuwamban 1993.

Da aka koma mulkin dimokuraɗiyya a 1999, Saminu Turaki ya ci zaɓe a jam'iyyar APP, wadda daga baya ta zama ANPP. Ya mayar da hankali kan fasahar sadarwa, ya kafa cibiyar koyar da ilimin kwamfuta a Kazaure, sannan ya rarraba ma'aikatun gwamnati zuwa hedkwatocin masarautu, da nufin kai gwamnati kusa da jama'a.

Magoya bayansa na ganin hangen nesa ya yi. Masu suka kuwa na cewa an yi maganar intanet a ƙauyukan da ba su da ruwan sha, kuma Dutse ta tsaya cik. Kafin ya sauka ya koma PDP, ya zama sanatan Jigawa ta arewa maso yamma a 2007, kuma a shekarar ce hukumar EFCC ta gurfanar da shi a kotu bisa zargin almundahana da kuɗi kimanin naira biliyan 36, shari'ar da ta yi ta tafiyar hawainiya tsawon shekaru.

Sule Lamido na PDP, tsohon ɗan PRP kuma almajirin siyasar Malam Aminu Kano, ya karɓi mulki a 2007. Ya mayar da ma'aikatun Dutse, ya gina sabuwar sakatariya da filin jirgin sama da hanyoyi, ya kafa jami'ar jiha a Kafin Hausa a 2013, sannan ya yanka wa naƙasassu alawus na naira dubu 7 a kowane wata.

Shi ma EFCC ta kai shi kotu a 2015 tare da 'ya'yansa biyu, bisa zargin da ya musanta, kuma shari'ar ta shafe shekaru tana yawo tsakanin kotuna.

Abin da talaka ya lura da shi shi ne, kowane gwamna kan zo da tasa alƙiblar, wani lokaci ya warware saƙar wanda ya gada, kuma kuɗin warwarar daga baitulmalin jama'a yake fitowa.

Guguwar 2015

Ba a taɓa sa ran canji a yankin ba kamar a zaɓen 2015. Muhammadu Buhari ɗan Daura ne, wato maƙwabci na ƙut da ƙut, ɗan takarar gwamna na APC kuma, Badaru Abubakar, ɗan Babura ne.

A zaɓen shugaban ƙasa na shekarar, Buhari ya sami ƙuri'a sama da dubu 880 a Jigawa, Shugaba Goodluck Jonathan kuma ya sami kimanin dubu 143, duk da cewa PDP ce ke riƙe da jihar.

Ba za a ce yankin bai ga komai ba. A 2021 an amince da kafa Jami'ar Fasaha ta Tarayya a Babura, ƙari a kan kwalejin kimiyya da fasaha ta Hussaini Adamu da ke Kazaure. A shekarar ce kuma aka aza harsashin layin dogo daga Kano zuwa Maraɗi, wanda aka tsara zai bi ta Kazaure da Daura da Katsina da Jibiya, a kan kuɗi kusan dala biliyan 2.

Badaru, wanda aka yi wa laƙabi da Mai Kalkuleta saboda tsantseni wajen kashe kuɗi, ya ci gaba da gina hanyoyin karkara, ya kuma ba noman shinkafa muhimmanci.

To amma akwai alkawarin da ya shafi Gwiwa kai-tsaye. An zaɓi ƙaramar hukumar domin kafa katafariyar tashar samar da wutar lantarki daga hasken rana mai ƙarfin megawat dubu ɗaya, kuma a 2018 Bankin Raya Ƙasashen Afirka ya amince da tallafin dala miliyan ɗaya da rabi domin share fagen aikin.

Idan aka kwatanta, tashar hasken rana da Shugaba Buhari ya buɗe a Kano a farkon 2023, wadda aka yi ta yayatawa, megawat 10 kacal take bayarwa. Ta Gwiwa kuwa, wa'adin Buhari da na Badaru duk sun ƙare ba ta ba da wuta ba.

Sannan ga matakan da suka taɓa aljihun jama'a. Rufe iyakokin ƙasa daga watan Agustan 2019 zuwa Disamban 2020 ya durƙusar da cinikin dabbobi da hatsi da Jamhuriyar Nijar, wanda kasuwanni irin su Maigatari da Babura suka dogara da shi. Sauya fasalin naira ya jawo ƙarancin takardun kuɗi a farkon 2023 a ƙauyukan da ba su da banki.

A zaɓen 2023 ɗan takarar APC, Bola Tinubu, ya sami ƙuri'a kimanin dubu 421 a Jigawa, wato ƙasa da rabin abin da Buhari ya samu a 2015. Atiku Abubakar na PDP ya bi shi da kimanin dubu 386, Rabi'u Musa Kwankwaso na NNPP kuma da kimanin dubu 98.

Umar Namadi, mataimakin Badaru, shi ne ya ci kujerar gwamna, inda ya kayar da Mustapha, ɗan Sule Lamido. A ranar da aka rantsar da shi, 29 ga watan Mayun 2023, Shugaba Tinubu ya sanar da cire tallafin man fetur. Litar mai da ake saye ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, ta kuma zarce dubu ɗaya a 2024.

A watan Agustan 2024 zanga-zangar tsadar rayuwa ta kai ga gwamnatin jihar ta sa dokar hana fita.

A ina gizo ke saƙa?

Masu lura da al'amura kan kawo dalilai uku da suka sa sauyin gwamnati ba ya saurin isa ƙauye.

Na farko, jihar ta dogara ne kacokan kan kason da take samu daga asusun tarayya, domin harajin da take tarawa a cikin gida bai taka kara ya karya ba. Idan farashin ɗanyen mai ya faɗi, kamar yadda ya faru daga 2014 zuwa 2016, ayyuka kan tsaya, ko wane ne a kan mulki.

Na biyu, shekara da shekaru kuɗin ƙananan hukumomi irin su Gwiwa na bi ne ta asusun haɗin gwiwa da ke hannun gwamnatin jiha. A ranar 11 ga watan Yulin 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukunci cewa a riƙa tura musu kasonsu kai-tsaye, amma aiwatar da hukuncin ya gamu da jan ƙafa a faɗin ƙasar.

Na uku, jam'iyyu na canzawa amma fuskoki ba su cika canzawa ba. 'Yan siyasa da dama sun yi ANPP, sun yi PDP, sun kuma yi APC, abin da ya sa mai zaɓe ke ganin tamkar riga kawai aka sake.

Ga kuma yawan jama'a da ke ƙaruwa fiye da yawan azuzuwa da asibitoci da gonaki. Binciken Hukumar Ƙididdiga na 2022, wanda ya auna talauci ta fuskar ilimi da lafiya da ruwan sha da muhalli, ya sanya Jigawa a kan kusan kashi 84 cikin ɗari. Shi ya sa da zarar an kai amfanin gona gida, matasa kan kama hanyar ci-rani zuwa Kano da Abuja da Legas.

Abin da bai gushe ba

Duk da wannan takaici, da wuya a sami ɗan yankin da ke fatan a mayar da shi ƙarƙashin Kano. Jihar ta ba su kujerun majalisa da guraben aiki da manyan makarantun da ba su da su kafin 1991, kuma tana cikin jihohin arewa maso yamma da suka fi samun sauƙin hare-haren 'yan bindiga, idan aka kwatanta da Zamfara da wasu sassan Katsina.

Abin da ya ragu shi ne yardar cewa ɗan gida ko sabuwar jam'iyya su kaɗai sun isa su kawo sauyi. Yankin ya ba da gwamna sau biyu, maƙwabciyarsa Daura ta ba da shugaban ƙasa, Badaru kuma ya zama ministan tsaro a 2023.

Ma'aunin da ya rage wa mai zaɓe a Gwiwa shi ne wanda zai iya gani da idonsa: farashin buhun taki, da malami a aji, da magani a asibitin ƙauye, da kuma ko filin da aka ware wa tashar hasken rana zai taɓa haska gidansa.