Mece ce matsalar haɗiya, kuma me ya haɗa ta da numfashi?

Idan ana maganar shanyewar ɓarin jiki, likitoci kan ambaci "disfajiya". Ma'anarta wahalar haɗiye abinci, ruwa, ko ma yawu.

Abinci da iska hanya ɗaya suke bi a maƙogwaro kafin su rabu. Lokacin haɗiya, numfashi yakan tsaya na kimanin daƙiƙa ɗaya, wani ɗan murfi ya rufe hanyar iska, loma ta wuce. Galibin masu lafiya suna haɗiya ne a tsakiyar fitar da numfashi, sannan su ci gaba da fitar da shi, abin da ke kore ɓurɓushi daga ƙofar huhu. In wannan tsari ya rikice, sai ƙwarewa. Mafi haɗari, wani ruwan yakan zarce zuwa huhu ba ko tari, ya haifar da ciwon nimoniya.

A Amurka, Farfesa Bonnie Martin-Harris da abokan aikinta sun nuna a 2015 cewa ana iya koya wa masu ciwon dajin kai da wuya daidaita haɗiya da numfashi.

Matsalar haɗiya ta fi shafar tsofaffi, masu shanyewar jiki, da bakwainin jarirai. Mai jinya a unguwar Moduganari ta Maiduguri ya lura da waɗannan alamu: tari a kan kunu, murya ta jiƙe bayan shan ruwa, ko rama ba dalili. A zaunar da majinyaci a miƙe, kada a ɗura masa a kwance, a kai shi Asibitin Koyarwa na Jami'ar Maiduguri a duba.